Jifa Uku Ga Alhaji Tijjani

Har gobe akwai wata Asabar ta watan Satumba da ba ta fita daga raina ba, ranar da na yini cur a filin wasan kurket, ni da ban taɓa sanin ko da me ake buga shi ba. Tun da kun ce in ba ku labari ɗaya kafin a fara tura ku gidajen mutane, wannan zan ba ku.

Bari in fara da tsarin aikinmu, saboda sababbin cikinku. Mu masu kula da marasa lafiya a gida mu ne a ƙasa. Sama da mu akwai nas, ita ke zuwa ta duba mara lafiya ta rubuta abin da za a riƙa yi masa: irin abincinsa, yadda za a yi masa wanka, ko zai iya tsayawa, ko sai a keken guragu. Mu ba mu yin allura, ba mu canja magani, iyakarmu mu tuna wa mutum lokacin sha. Duk abin da ba ya cikin wannan tsari, sai ka buga wa nas waya ta yarda. Tamu a lokacin wata baƙar Ba'amurkiya ce, Misis Odom, dattijuwa mai taƙaita magana.

Ita ta kira ni wata rana ta ce, Ishaya, akwai wani dattijo ɗan ƙasarku a garin Summerfield da ya ƙi yarda mace ta yi masa wanka, kuma 'yarsa ta roƙi a samo mai jin Hausa. Maza ba mu da yawa a aikin nan, masu jin Hausa kuwa ni kaɗai ne a kamfanin. Haka na haɗu da Alhaji Tijjani.

Mutumin Zariya ne, tsohon injiniyan hanyoyi, ya haura saba'in da biyar. Bayan rasuwar matarsa ya sami shanyewar ɓarin jiki na hagu, sai 'yarsa Safiya ta ɗauko shi. Ita mai haɗa magunguna ce a wani kanti a titin Wendover. Gidanta babba ne, ga fili ta kowane gefe, maƙwabcinta ma dawakai yake kiwo, sai dai za ka yini ba ka ji sallamar kowa ba.

Ranar farko ya karɓe ni da mutunci. Ya tambayi garinmu, na ce Zonkwa, ya ce ya taɓa aikin gada a wajenmu, har ya tuna sunan kogin. Na ce a raina za mu sha hira da wannan tsoho. Ashe ba haka ba. Da watanni suka ja, maganarsa ta koma "to" da "na gode". Ya kan zauna bakin taga yana kallon dawakan maƙwabci daga hantsi har azahar. Mai gashin ƙashi na zuwa tana sa shi tsayawa da ƙarfen dogarawa, zai miƙe don kar a ce ya ƙi, nan da nan ya koma ya zauna. Tuwon da Safiya ke tashi da asuba ta tuƙa masa, loma biyu yake yi ya ture. Misis Odom ta auna shi ta ga yana ramewa, ta gaya wa Safiya gaskiya cewa idan aka ci gaba a haka ƙafar ma za ta daina ɗaukarsa.

Safiya kuwa tsoro ɗaya ke cinta, faɗuwa. Ya taɓa zamewa a banɗaki kafin zuwana, tun daga ranar ta naɗe duk dardumar gidan, ta sa ƙararrawa a gadonsa, ko tari ya yi sai ta leƙo. Wata Laraba ta tsayar da ni a gareji zan tafi, ta ce ranar Litinin za ta je ta duba wani gidan kula da tsofaffi inda akwai nas dare da rana. Tana faɗa tana share hawaye da bakin gyale. Ta ce ita da ta ɗauko shi daga Zariya don kar ya zauna a hannun bare, ga shi da hannunta za ta miƙa shi.

Washegari na kai shi ganin likita. A hanyar dawowa na tsaya wani kantin Indiyawa in sayo kuɓewa da garin semo da Safiya ta aike ni. Doka ta hana mu barin mara lafiya shi kaɗai a mota, don haka na sauko da kekensa na tura shi ciki. Muna wucewa ta gaban kanta sai na ji ya ce, "Tsaya." Akwai talabijin a maƙale sama, wasu mutane sanye da fararen kaya suna jifa da duka a wani fili kore shar. Na tsaya. Na lura hannunsa na dama yana juyawa a kan cinyarsa, kamar mai murɗa wani abu. Can sai ya yi magana da Turanci, da ƙarfi, wai wannan yaro ƙafarsa na makara, yanzu za a fitar da shi. Bai rufe baki ba aka fitar da yaron.

Mai kantin, wani dattijo siriri mai furfura da ake kira Mista Anand, ya zagayo daga bayan kanta ya tsuguna gaban keken. Suka kama hira. Ni dai ina tsaye da kuɓewa a hannu ina jin Turancin da ban san Alhaji na da shi ba, irin na mutanen da, mai tsabta. Nan na ji cewa a sakandare shi ne kyaftin na kurket, wani malaminsu Ba'indiye ne ya koya musu, kuma rabonsa da riƙe sandar wasan tun kafin ya yi aure. Mista Anand ya ce ai jibi Asabar suna da wasan taimako a garin McLeansville, za a tara gudummawa don wani ƙaramin asibiti da ke duba marasa inshora kyauta, kuma ya rantse ba zai ji daɗi ba idan Alhaji bai zo ba.

Muka shiga mota muka kama hanya. Sai da muka kusa gida ya ce, "Ishaya, ranar Asabar kana aiki?" Na ce ina aiki, Baba. Ya ce to. Amma wannan "to" ɗin ba irin na kullum ba ne.

Na buga wa Misis Odom. Ta yarda da sharaɗi: ɗan kallo ne kawai, a kekensa, a inuwa, ruwa a kai a kai, in auna jininsa da rana, mu dawo kafin magariba. Safiya ta tambayi ko ƙwallon na kaiwa wajen 'yan kallo, na ce zan zauna ta gabansa. Ita tana da aiki har bayan azahar, ta ce mu je.

Da na isa gidan ranar Asabar na tarar ya riga ya farka yana jirana. Ya ce in ciro masa farar shaddarsa da farar hula, don ba a zuwa kurket da kaya masu launi. Ya dubi shuɗin yunifom ɗina ya girgiza kai, ya ce ba komai, za a ɗauka ni likitan tawaga ne. Har turare ya nema.

Filin yana bayan wata gona ne, an yanke ciyawa an zagaye shi da farar igiya, can gefe shanu na kiwo bayan shinge. An kafa rumfuna, mata na jera tukwane, wani ya zo da ganga. Akwai Indiyawa da 'yan Pakistan da mutanen Jamaika, da wasu Turawa maƙwabta da suka zo da kujerunsu na naɗewa, waɗanda daga ganin fuskarsu ka san jahilcinmu ɗaya a wasan. Ma'aikatan asibiti ne za su kara da 'yan kasuwa da direbobin manyan motoci. Mista Anand ya taho da gudu ya sa aka ba mu wuri a rumfar gaba.

Alhaji ya ce in matso ya koya mini. Ya nuna turaku uku da aka kafa a tsakiyar fili, ya ce in ɗauka gidan mai duka ne. Mai jifa so yake ya rushe gidan, mai duka kuma yana karewa da sandarsa, wani katako mai faɗi kamar matuƙin kwalekwale. Idan ya doki ƙwallon ya yi nisa, sai ya ruga zuwa wancan ƙarshen inda wasu turakun suke, kowane zuwa maki ɗaya ne. Idan ƙwallon ya tsallake igiya, maki da yawa ba tare da gudu ba. Idan aka cafe a sama ko aka rushe turakun, ya fita, wani ya shigo. Na tambaye shi ƙarfe nawa ake tashi. Ya yi dariya, karo na farko da na ji dariyarsa sosai, ya ce a zamaninsu kwanaki ake yi, wannan na yau ai ɗan gajere ne, zuwa la'asar an gama.

Ma'aikatan asibiti suka fara duka. Alhaji ya zaɓi 'yan kasuwa saboda Mista Anand, ni ma na bi shi. Sai dai sau biyu ina tafi a inda bai kamata ba, har ya ce in riƙa kallon hannunsa, idan ya buga cinya in tafa. Wani likitan yara ya daki ƙwallon ya faɗa cikin shanu, aka tsayar da wasa ana lallashin wata saniya ta matsa. Wani ƙaton direba ɗan Jamaika ya bi ƙwallon da baya da baya, ya cafe shi, ya zauna daɓas cikin robar ƙanƙarar lemo, ya ƙi sakin ƙwallon har aka zo aka ciro shi. Alhaji ya yi ta dariya har sai da na goge masa hawaye.

Kafin azahar rumfarmu ta cika. Duk wanda aka fitar sai ya biyo ta wajenmu ya ji abin da Alhaji zai ce game da dukansa, kuma ba ya sassauta wa kowa. Ya gaya wa wani likitan zuciya cewa da idonsa yake wasa ba da ƙafarsa ba, mutumin ya sunkuyar da kai kamar ɗan aji ɗaya yana godiya. Suka raɗa wa Alhaji suna Kyaftin. Ni kuwa ina nawa aikin, ina miƙa ruwa, ina gyara masa matashin ƙarƙashin hannun hagu, ina juya keken idan rana ta matso. Na auna jininsa, lafiya lau. Da lokacin salla ya yi na kai shi bayan rumfa na zuba masa ruwa ya yi alwala, na tura shi cikin sahun 'yan Pakistan ya yi sallarsa a zaune, na koma gefe ina jira.

Na zo masa da abincinsa marar gishiri daga gida. Wata mata ta kawo shinkafarsu mai kayan ƙanshi da naman rago, ya dube ni, na dube shi. Tsarinsa bai hana ɗanɗano ba, cewa aka yi a rage. Na ɗiba masa kaɗan a gefe. Ya cinye, sannan ya jawo nasa na gida ya cinye shi ma yana ta musu da wani tsoho a kan wani wasa da aka yi tun ba a haife ni ba. Bai ma san ya ci ba.

Da aka tafi hutun tsakiya sai mai sanarwa ya ce yanzu lokacin jama'a ne, duk wanda ya ba da gudummawa za a yi masa jifa uku ya gwada hannunsa. Mata da maza suka yi layi ana ta raha. Alhaji ya sa hannu a aljihu ya miƙa wa mai kwandon gudummawa abin da ya sawwaƙa, sannan ya juyo ya ce mini, "Kai ni."

Na ɗauka wasa yake. Na ga fuskarsa, na san ba wasa ba ne. Mutum ne mai shan maganin tsinka jini, idan ya faɗi ya bugu ko ƙwallon ya same shi, jini na iya taruwa a ciki ba a sani ba. Ni kuma an ba ni izinin kawo ɗan kallo ne. Na durƙusa na ce, Baba, wannan ba ni da ikon yanke shi ni kaɗai, ka bari in tambaya. Ya ce in tambayi duk wanda zan tambaya, yana nan.

Misis Odom ta saurare ni har na gama. Ta tambayi yadda ƙasar wurin take, na ce a daidaice take, an shimfiɗa tabarma mai kauri. Ta tambayi jininsa da abin da ya ci. Na ce ya cinye abincinsa har da ƙari. Sai ta ce tsayawa da bel na cikin tsarinsa, kuma ba a rubuta cewa sai a falo zai tsaya ba. Bel ɗin da take nufi kun san shi, ɗamarar nan mai faɗi da muke ɗaura wa mara lafiya a ƙugu mu riƙe ta baya. Ta ce ƙwallo mai laushi kawai, kada ya taka ko taku ɗaya, kada in saki bel ɗin, kuma idan 'yarsa ba ta yarda ba, babu maganar.

Na buga wa Safiya. Ban gama bayani ba ta ce a'a. Sai kuma ta ce kar in yi komai, yanzu ta tashi daga aiki, ga ta nan tafe. Na gaya wa Mista Anand halin da ake ciki. Mutumin kirki, ya je ya raɗa wa mai sanarwa, aka shiga jan lokaci. Aka sake zagayawa da shayi, aka ba duk wanda ke layi jifarsa har da ƙari, mai ganga ya yi ta kiɗa.

Ta iso da farar rigar aikinta a kan atamfa, ta ratso filin da sauri ba ta ko kula da igiya ba. Ta tsuguna gabansa tana haki.

"Baba, idan ka faɗi fa?"

"Idan na faɗi Ishaya zai ɗaga ni. Ba ki ga ƙato ba ne?"

Ba ta yi dariya ba. Ya kama hannunta da hannunsa mai lafiya, ya sassauta murya.

"Safiya, kin yi mini komai, Allah ya yi miki albarka. Amma tun da na zo ƙasar nan kowa tambayata yake ina ke ciwo. Yau ina son abu. Ki bar ni in so shi."

Ta dubi hannunsa da ke riƙe da nata. Sannan ta ɗago ta ce, Malam Ishaya, tsakaninka da Allah za ka iya riƙe shi? Na ce mata idan ya ga dama yana tsayawa fiye da haka a gida, kuma idan gwiwarsa ta saki, a cinyata zai sauka ba a ƙasa ba, abin da aka koya mana ke nan. Ta miƙe ta karkaɗe rigarta ta ce mu je.

Da muka tura keken zuwa tsakiyar fili, 'yan wasan duka ɓangarorin biyu suka fito suka tsaya a wurarensu kamar wasan gaske. Alhaji ya so a kawo jan ƙwallo mai tauri da ake wasan gaske da shi, na ce wannan kam ba zai yiwu ba, ya harare ni ya haƙura. Sai ya ce da Mista Anand ai a dokar da ya sani, mai duka idan ba shi da ƙafa ana ba shi mai yi masa gudu. Mista Anand ya ce a manyan wasanni an daina, amma a McLeansville tana nan daram. Alhaji ya waiga ya ce Safiya ce za ta yi masa. Ta ce ita ba ta san ma inda ake nufa ba. Aka danƙa mata wata sandar, aka nuna mata wancan ƙarshen, aka ce idan ta ji ya ce gudu, ta ruga ta taɓa layi.

Na ɗaura masa bel, na kulle ƙafafun keken, na ƙirga masa ya miƙe. Wani ya kifa mini hular kwano a ka. Na tsaya a bayansa, hannayena biyu cikin bel, gwiwata a bayan gwiwarsa ta hagu. Ya karɓi sandar da hannun dama, ya ɗan buga ta a ƙasa sau biyu, ya gyara kafaɗa. Wallahi ta cikin bel ɗin na ji bayansa ya miƙe irin miƙewar da ban taɓa ji ba a duk tsayuwar da muka yi a gida.

Mista Anand ne mai jifa. Ya matso kusa ya mirgino ƙwallon a hankali ta ƙasa, irin yadda ake yi wa yara. Alhaji ko motsi bai yi ba, ya bar shi ya wuce. Ya ce da Turanci, yadda kowa zai ji, shi ba jinjiri ba ne, wannan ba ya cikin lissafi, a koma a yi jifa irin ta maza. Fili ya ɗauki dariya da tafi. Mista Anand ya dafa ƙirji ya ba da haƙuri, ya koma baya ya taho da ɗan gudunsa.

Jifar farko Alhaji ya kai duka ya sami iska. Nauyinsa gaba ɗaya ya zubo kan bel, na tokare, na ji Safiya ta ja numfashi daga inda take. Na ce, Baba, mu zauna? Ya ce in yi shiru, ya gane saurin mutumin yanzu.

Ta biyu bai kai duka ba. Ya sa sandar a miƙe ya tare, ƙwallon ya mutu a gaban ƙafarsa. Ni ban ga abin burgewa ba, amma tsofaffin da ke rumfa suka miƙe tsaye suna tafi, daga baya aka gaya mini wannan tarewar sai wanda ya koya tun yana yaro.

Ta uku ta zo ta ɗan gefe. Ban ga lokacin da ya murɗa hannu ba, ƙarar kawai na ji, tas, ƙwallon ya bi ƙasa ya ratsa tsakanin mutum biyu ya nufi wajen shanu.

"Gudu, Safiya!"

Ta ruga. Mace mai 'ya'ya uku, da farar riga da gyale na tashi a baya, ta rungume sandar a ƙirji kamar jariri. Ta kai wancan ƙarshen ta tsaya tana waige, jama'a duka suka ɗauki ihu ta dawo. Ta juyo, takalmi ɗaya ya fita, ba ta tsaya ba. Direban nan ɗan Jamaika ya tsinci ƙwallon ya suɓuce masa, ko da gangan ne ko ba da gangan ba, har yau ban sani ba. Kafin ya jefo ta iso ta faɗi zaune a kan layi tana dariya tana kuka. Alƙalin wasa ya ɗaga murya ya ce maki biyu ga Kyaftin.

Alhaji na dariya har bel na rawa a hannuna. A nan gwiwar hagu ta saki. Na karɓe shi a cinyata yadda na yi alkawari, aka turo keken, na zaunar da shi. Ya ɗaga sandar sama ga 'yan kallo, ya juya ta dama ya juya ta hagu, 'yan wasa suka yi layi suna miƙa masa hannu. Safiya ta rarrafo ta ɗora kanta a gwiwarsa. Na ji yana ce mata da ta miƙa sandar gaba maimakon rungumewa, da sun sami na uku.

Na maida shi inuwa na sake auna shi, komai daidai, na aika wa Misis Odom saƙo. Muka zauna mu uku muka kalli sauran wasan. Yanzu Safiya yake koya wa, ni na zama tsohon ɗalibi mai gyara mata. 'Yan kasuwa suka biyo makin asibiti a hankali, har ya rage jifa ta ƙarshe suna neman biyu. Mista Anand ne ke duka. Ya daka, ya yi gudun farko, a na biyu aka rushe masa turaku saura taku ɗaya, aka tashi kunnen doki. Kowane ɓangare ya ce shi ya ci, aka rungumi juna, mai sanarwa ya ce abin da aka tara ya wuce abin da suka sa rai. Mun shiga gida rana ba ta faɗi ba, Alhaji ya yi barci a mota da ciyawa a bakin shaddarsa.

Ranar Litinin Safiya ta buga wa gidan tsofaffin ta ɗaga ziyarar, daga baya ta soke ta. Ba zan ce muku ya warke ba. Hannun hagu bai dawo ba har muka rabu. Amma ya koma cin abinci, kuma da Mista Anand ya gaya masa akwai wani wasan idan sanyi ya wuce, sai ya zama shi ke tambayar yaushe mai gashin ƙashi za ta zo. Duk Lahadi wani daga cikin 'yan wasan kan zo ya ɗauke su shi da Safiya zuwa wajen atisaye. Bayan shekara da wani abu ya ce yana son komawa Zariya, ya kuma shiga jirgi da sanda a hannu, da ƙafarsa.

Abin da na ɗauka daga wannan rana shi ne, an koya mana yadda za mu hana mutum faɗuwa, kuma daidai ne, kada ku yi wasa da shi, kada ku yi abin da nas ba ta sani ba. Amma mutumin da aka danƙa muku ya yi shekaru sittin ko saba'in yana wani abu kafin ciwon nan ya same shi, kuma wannan mutumin yana nan a cikin keken, ba wanda ya tambaye shi ne kawai. Iyalinsa tsoro ya hana su, likita lokaci ya hana shi. Mu ne muke yini da shi.

Shi ya sa yanzu duk gidan da aka tura ni, idan na gama tambayar magani da abinci, sai in tambayi mutum me yake yi ranar Asabar lokacin da yake matashi. Wasu su yi shiru, wasu su yi awa guda suna magana. Wadda nake kula da mijinta yanzu, wata tsohuwar Baturiya da ta kusa tamanin, ta ce su rawa suke zuwa, shi da ita, kuma rabonsa da miƙewa don wani abu ban da banɗaki ya fi shekara. Na riga na yi magana da nas, ta yarda ya miƙe su taka rawa ina riƙe da bel. Gobe da safe can za ni, kuma matar ta ce in zo da takalmi mai santsi irin na rawa.